Ranar da Motar Baffa Ta Ƙi Turi

Duk wanda ya zo gaisuwar Baffa, da ya shafa fatiha sai ya waiwaya ya dubi motar. Tana nan a gindin gangare inda ta tsaya, tsohuwar a-kori-kura fara wadda rana ta mayar ruwan toka, ba wanda ya yi ƙarfin halin matsar da ita. Daga nan zance ya tashi, kuma kullum zancen ɗaya ne.

"Kai, ikon Allah," in ji wani dattijo mai fataucin rake daga Kudan. "Shekara nawa muna tura motar nan? Taku biyar take tashi. Amma ran nan ƙememe ta ƙi."

"Ai ta san maigidanta ya gama," in ji na kusa da shi.

Liman ya yi gyaran murya, ya ce mota ba ta san komai ba, wa'adi ne ya cika, a yi wa mamaci addu'a. Aka yi. Ba a jima ba wasu suka iso daga Ikara, zancen ya koma farko. Har wata malamar asibiti Kirista 'yar kudancin Kaduna, wadda Baffa ya taɓa kaiwa Makarfi tana naƙuda ana tsuga ruwa, ta gangara ta dafa ƙofar motar tana kuka, tana cewa ko ita motar ta yi maraici.

Ni ina can ƙarshen tabarma, kaina a ƙasa. Duk sanda aka ambaci motar sai in ji kamar za a juyo a kira sunana. Na san abin da ya hana ta tashi, domin da hannuna na yi shi.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni koyon kanikanci a Makarfi, shi ya yi min aure. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don na gaji da tsoro.

Gidansa na kan tudu, masallacin garinmu na gefensa, hanya ta gangara daga nan zuwa wajen rijiya. Tun ina ƙarami a bakin gangaren nan yake ajiye mota, hancinta na kallon ƙasa, giya a firi, da wani baƙin dutse da yake sa wa taya waigi. Motar ba ta taɓa sanin batir mai kyau ba. Da safe in zai fita sai ya leƙo ta taga ya ce, "Ina masu neman lada?" Wanda ke kusa ya janye dutsen, magidanta uku ko huɗu su sa hannu, shi kuma ya taka kuloci, ya sa lamba biyu, ya saki. Ta yi tari sau ɗaya ta kama. In turin bai yi masa ba ya ce, "Wannan turi ne ko shafa? Ba ku karya ba ne?" Babu namijin da ya girma a garinmu bai san ɗumin bayan motar nan a tafinsa ba.

Ba tsiya ce ta hana shi batir ba. Lasifikar masallaci da batirin mota take aiki, kuma duk sanda ya sami sabo sai ya ciccibe shi ya kai wa ladan, ya ɗauko gajiyayyen ya ɗora a motarsa. Inna, matarsa, ta yi faɗa har ta gaji. Amsarsa ba ta sauyawa: "Mota tana da masu tura ta. Muryar ladan wa zai tura?"

Ya yi jigilar masara da tumatir da rake tsakanin Kudan da Makarfi da Ikara har gashinsa ya yi fari a kan sitiyari. Amma abin da aka fi saninsa da shi, duk mai ciwon da ya gagari gida a motarsa ake fita da shi, duk gawar da aka sallamo daga asibiti a motarsa take dawowa. Ko ya yi lodi ya ɗaure, in aka ce ga mara lafiya, sauke kayan yake a bakin hanya. Yana da zafin rai, kada a ce na ɓoye. Ya taɓa sauke wani dillali a tsakiyar daji don ya ce wa motar gwangwani. Sai da mutumin ya yi tafiya mai nisa a ƙasa sannan Baffa ya juyo ya ɗauke shi, ya ce, "Shigo, gwangwanin ta yafe maka."

Shekara biyu kafin rasuwarsa, ranar kasuwar Makarfi, na jiyo kukan motarsa tun daga nesa, inji na ihu kamar za a yanka shi. Ya shigo gareji a lamba biyu, ya kashe ta da birki. Na fito ina dariya.

"Baffa, yau giya uku da huɗu sun yi yaji ne?"

Bai yi dariya ba. Ya ce in zagayo. Da na buɗe ƙofa ya ce, "Sa hannunka ƙarƙashin ƙafata ta hagu." Na durƙusa na sa. "To, zan taka." Na jira. Abin da na ji a tafina bai fi nauyin ɗan tsako ba.

"Kun taka?"

"Iyakar ƙarfina ke nan."

Na zare hannuna. Ashe wata guda kafin nan hawan jini ya taɓa masa ɓarin hagu. Hannun ya dawo, ƙafar ba ta dawo duka ba. Yana iya tafiya yana ɗan jan ta, ya ce wa mutane sanyin ƙashi ne, amma kulocin motar nan mai tauri ya fi ƙarfinta. Da hannu yake danna gwiwarsa kafin ya sa giya. Haka ya taho da mutum takwas a baya.

Na ce ya ajiye tuƙi. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Na ji ana yin mota mai sa wa kanta giya," ya ce. "Ka sa wa tawa."

Na yi ta kawo dalilai. Na ce motar ta tsufa, ba a yi ta don haka ba, aikin ba ƙarami ba ne. Ya bar ni na gama, ya ce, "Ashe shekarun da ka yi a garejin nan shara kake yi." Ya san inda zai taɓa ni.

Na tafi Kaduna wajen masu kayan gyara, na samo giyabos otomatik na wata ƙaramar mota 'yar gida ɗaya da tasa, mai giya huɗu. Ta huɗun ita ce muke kira oba, wadda in mota ta miƙe a kan kwalta take shiga, inji ya huta, mai ya yi auki. Muka ce wa mutanen gari ana yi wa inji garambawul. Mako uku motar na kan duwatsu a bayan gareji. Sabon giyabos ya fi tsohon tsawo, dole na kai farfela, sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, aka rage ta. Ƙarfen da ke tallabe shi daga ƙasa bai zo daidai ba, na yanka na matsar na yi walda. Na ja bututu biyu zuwa gaban lagireto don jan man giyabos ya riƙa hucewa, na haɗa wayar da ke bin totur, na sa maɓallin oba a jikin sandar giya. Kowane ƙusa na ɗaure sai na sake komawa na taɓa shi, domin na san wanda zai zauna a kai.

Da na zo kwance abin taka kuloci, tunda ba shi da sauran aiki, Baffa ya riƙe min hannu.

"Bar shi a wurinsa."

"Baffa, ba a haɗe yake da komai ba."

"Na sani. Sa masa sifirin ya riƙa dawowa. Wanda ya leƙo ya ga uku kamar na kowa."

Sandar giyar kuma ya kai wa baduku ya ɗinka mata rigar jar fata, ta rufe haruffan da maɓallin. Daga ranar ba wanda ya ƙara zama a gaba sai Inna. Kujerar ya cika ta da buhuna da jarka, ya ce sifirin ɗinta ya karye.

Ranar gwaji muka hau titin Ikara. Motar ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki biyu, ta ɗauki uku, hannunsa na dama na ta kai wa sanda cafka yana dawowa. Da ta shiga oba, ƙarar da muka saba da ita shekara da shekaru ta kwanta, har muna jin iska. Baffa ya zaro ido ya ɗauka ta mutu. Da ya ga tana ta tafiya sai ya fashe da dariya, ya daki sitiyari, ya ce, "Ja'ira! Ashe kina da numfashi kika ɓoye!" Na nuna masa ya riƙa kashe oba in ya yi lodi mai nauyi ko zai sauka gangare. Ya koya nan take. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ran nan ba, ni kuwa ko murmushin kirki na kasa.

A gindin wata tsamiya na ce ya tsaya, akwai magana.

"Baffa, motar nan ta daina turuwa. Da can ƙarfe ne ke haɗa taya da inji, in taya ta juya dole inji ya juya. Yanzu mai ne a tsakaninsu, kuma man ba ya aiki sai inji na tafiya. Ko garin nan kaf suka taru suka tura ta, ba za ta tashi ba. Batir ne kaɗai ranta."

"To ka sa mata sabo."

"Na sa. Amma ku yi min alkawari ba za ku kai shi masallaci ba. Kuma ku bari in gaya wa mutane, ko da Yaya ne kaɗai."

Yaya shi ne babban ɗansa, yana aikin ƙaramar hukuma a Ikara, kuma ya daɗe yana cewa tsoho ya isa hutu. Da jin sunansa fuskar Baffa ta sauya.

"Ka gaya masa yau, gobe ya zo ya karɓe makulli, jibi ku shimfiɗa min tabarma a zaure in riƙa korar kaji. Kuma wa zai ƙara sa matarsa mai naƙuda a motar gurgu? Kai, dube ni nan. In maganar nan ta fita daga bakinka, ni da kai sai a lahira."

Ban taɓa jin ya yi min irin wannan magana ba. Na ce na yi alkawari. Da na koma kan batir sai ya ce, "Na ji." Sai daga baya na lura ni ne na yi alkawari, shi cewa ya yi ya ji.

Shekara biyu na yi ina ɗauke da abin nan. In waya ta yi ƙara na ga lambar gida, sai in ɗauka mugun labari ne. In na ji an ce mota ta faɗi a hanyar Kudan, ba na iya tambayar wace iri. Duk mako nakan hau mashin in je, in buɗe bonet, in goge kan batir, in duba jan mai, in leƙa waldar da na yi. Mutanen gari kuwa sai yabo. Suna cewa Baffa ya tsufa hannu ya ƙara faɗawa, yanzu ko ƙwai ka ɗora a baya ba ya fashewa. Masu turi suna tsokanarsa ya hana su lada. Ya ce, "Ku adana ƙarfinku, ranarsa na zuwa." Wasa yake yi, amma ni da na ji ban yi dariya ba.

Sau ɗaya na kusa faɗa. Yaya ya tsaya a gareji muna shan rake, ya ce, "Ni fa ƙafar tsohon nan ba ta kwanta min ba. Kai da kake ganin motar, yana iya ta kuwa?" Na buɗe baki zan faɗa. Na tuna gindin tsamiya. Na ce, "Lafiya lau yake tuƙinsa." Ban yi ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina.

Makon da abin ya faru ban je ba. Kakar tumatir ce, motoci sun cika gareji, na ce sai wani makon.

Ba na nan, amma an ba ni labarin sau da yawa har ina ganinsa. Da hantsi Baffa ya fito zai yi alwala, ya faɗi a bakin zaure, bakinsa ya karkace. Yaya na gida, ya zo hutun ƙarshen mako. Aka kwantar da shi a bayan mota, kansa a cinyar Inna, yana numfashi. Yaya, wanda a motar nan ya koyi tuƙi, ya shiga ya murɗa makulli. Ta yi ƙyas ta yi shiru. Ba wanda ya damu. Ba wanda ya yi tunanin kiran makanike, don me? Kowa ya san maganin motar Baffa.

Aka janye dutse, aka tura. Yaya ya taka kuloci, ya jawo sanda baya, ya ji ta zo a miƙe ba yadda ya san ta ba, amma ba lokacin tambaya ba ne. Ya saki ƙafa. Motar ta gangara shiru har rijiya.

Suka ce turin ne bai yi ƙarfi ba. Maza suka fito daga kowane gida, suka mayar da ita kan tudu da baya, Baffa na kwance a ciki. Suka sake sako ta da gudu. Shiru. Wani ya hau mashin ya tafi bakin kwalta neman bas. Sauran suka sake haurawa da ita, tsofaffi ma suka sa hannu, har da ladan, ana salati ana turi, Yaya na taka kuloci yana saki, yana takawa yana kuka. A sauka ta uku, da ta tsaya a gindin gangare, suka zagayo za su sake. Inna ta ce, "Ku bari haka nan." Ta ja mayafinta ta rufe masa fuska.

Sai a lokacin aka kira ni.

Bayan an dawo daga maƙabarta, da mutane suka shiga gida, na gangara ni kaɗai na buɗe bonet. Batirin da na sa ba ya nan. Wani baƙi ne a wurin, gefensa ya kumbura, kansa ya yi farin gishiri. Ina tsaye ina kallonsa ladan ya ɗaga kiran la'asar, muryar ta fito tar, har tana dawowa daga gonakin rake.

Ladan da kansa ya gaya min, bai san abin da yake gaya min ba. Ranar Juma'a lasifika ta mutu ana tsakiyar kira. Baffa ya kwance nasa ya kawo, ya ce aron kwana biyu ne, in ɗansa makanike, wato ni, ya zo zai kai na masallacin caji. Na auna da ƙafata, daga inda motar ke tsayawa zuwa lungun da batirin yake a masallaci taku ashirin da bakwai ne. Da akwai mutum ɗaya a wurin da ya san abin da na sani, da kafin a tafasa ruwan shayi mota ta kama hanyar Makarfi. Sau biyar suka wuce ta ƙofar masallacin suna turi.

Malamar asibitin nan ta ce irin wannan shanyewar jiki ko an kai mutum asibiti da wuya ya tashi. Liman ya ce wa'adi. Na yarda da su duka, ban musa wa Allah ba. Amma kwana uku ban sami natsuwa ba. Ina tsoron Yaya, ina tsoron idon Inna, na fi tsoron ranar da za a tambaye ni a inda ba a ɓoye komai.

Ranar addu'ar uku, da baƙi suka ragu, na shiga ɗakin Inna na durƙusa. Yaya na zaune a bakin ƙofa. Na faɗi komai, tun daga ɗan tsakon da na ji a tafina har zuwa taku ashirin da bakwai. Ban ɗaga kai ba.

Da Yaya ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Abin da na yi ta takawa, ba a haɗe yake da komai ba?"

"Ba a haɗe yake ba, Yaya."

"Na tambaye ka. Muna shan rake na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

Ya tashi ya fita. Har yau muna gaisawa, amma bai ƙara tsayawa a gareji ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Inna ta ci gaba da jan carbinta har ta kai ƙarshe.

"Ƙafar na san da ita," ta ce. "Ni ke shafa mata man zafi kullum. Ni ma ya hana ni faɗa, ni ma na yi shiru. A gaba nake zama, na ga ba ya taka komai. Turin ne ban sani ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Kuma ni na fara cewa a tura."

"Inna, ku yafe min."

"Allah ya yafe mana, ni da kai da shi. Batirin nan kada ka taɓa shi, inda ya kai shi nan zai zauna. Amma ka je ka cire wannan abin ƙaryar kafin wani ya sake zama a kujerar."

Na ɗauki sifana na gangara. Shekara biyu Baffa bai taɓa iya danna ƙarfen nan ba, ƙafarsa kawai yake ɗorawa. Da na kwanto shi sai na ga ya lanƙwashe, robar kansa ta yage. Yaya ne ya yi masa haka, a safiya ɗaya.

Yana nan rataye a garejina. Masu kawo gyara sukan tambaya na wace mota ne, in ce na Baffana ne, in roƙe su su yi masa addu'a. Ku ma da kuka karanta ina roƙonku. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya ɗauke shi da rahama yadda ya ɗauki marasa lafiyarmu bai taɓa cewa ya gaji ba. Ni kuma ku roƙa min Allah ya sa in mun haɗu ya saurare ni, domin alkawarin da na yi masa na riƙe shi har ya mutu a kansa, sannan na karya.